Zan sa wa Hilux ɗina bututun iska mai sanyi, wanne ya dace da hanyoyinmu?

Ɗan Fadama Argungu:
Salamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Ina da Hilux 2012 mai fetur, inji 2.7, da ita nake jigilar shinkafa da taki da injin ban ruwa tsakanin gona da gari, wani lokaci har Kamba ko Jega in lodi ya samu. To kwana biyun nan ina yawan ganin wani abu a YouTube da suke ce ma kol iya intek, wato a cire akwatin iya kilina (filtar iska) na kamfani a sa wani bututu mai faɗi da filta mai kama da mazurari a bakinsa, wai mota ta riƙa shan iska mai sanyi, ƙarfi ya ƙaru, shan mai kuma ya ragu. Ni gaskiya maganar man ce ta ja ni, don tun da aka cire tallafi a 2023 fetur ke cinye ribar lodi. Ƙanena da ke Legas ya turo min hoto iri biyu, ɗaya filtar a fili take ja wur, ɗayan kuma yana da akwatinsa rufaffe, ya ce in zaɓa ya saya ya ba motar kaya ta kawo. Don Allah masu sani wanne zan ɗauka?

Mai Tacoma BK:
Wa alaikumus salam babban yaya. Sa abinka kawai wlh ba za ka yi nadama ba. Tacoma ɗina da shi ta zo daga Amurka, in na taka ta a hanyar Kalgo wani gurnani take yi kamar zaki, kuma ni dai ina jin tana amsa totur da wuri fiye da ta abokina da ba ta da shi. Buɗaɗɗen ya fi ƙara mai daɗi.

Kawu Bakanike Jega:
Ɗana kahin ka tura ma ƙanenka ko sisi, amsa man tambaya guda. Cikin kwana bakwai, kwana nawa motarka ka yi bisa kwalta, kwana nawa taka yi cikin jar ƙasa da rairayin fadama?

Ɗan Fadama Argungu:
Kawu ai kwaltar ba ta wuce ta shiga gari da fita ba. Sauran duk burji ne da hanyar shanu, yanzu da rani in mota biyu suka bi ka gaba ko fitila ka kunna ba ka ganin komi.

Kawu Bakanike Jega:
To ka ba kanka amsa. Ni shekara talatin da wani abu ina kwance inji, kuma abin da ka kashe inji ƙasarga tamu ba rashin iska ba ne, ƙura ce. Bara wajen watan azumi anka jawo man wata a-kori-kura irin taka, mai ita yaro ne mai son mota ƙwarai, ya sa irin wanga jan filta buɗaɗɗe da ya saye kasuwa, ko suna babu jikinshi. Wata bakwai kacal. Yaz zo shina kukan mota na shan baƙin mai, kowane sati sai ya ƙara lita, salansa na hidda shuɗin hayaƙi. Da munka cire bututun na sa yatsa ciki na shafo, yatsana ya hito ja kamar na taɓa bangon ɗakin laka, kuma wurin nan bayan filta ne hwa, wurin da ya kamata ko farin ƙyalle ka goga ya hito fari. Da munka sauke top, jikin silinda ya yi sumul kamar madubi, zanen nan na kamfani mai kama da saƙar tabarma da ka riƙe mai dud ya goge, ringi sun cinye har kana iya motsa fistin da hannu. Ƙura in ta haɗu da baƙin mai ta zama dutsen wasa wuƙa, tana ci kaɗan kaɗan ba ka ji ba ka gani, ranar da za ka sani sai dai a sauke inji. Kuɗin da yaron nan ya kashe sun sayi filtar takarda ta shekara goma.

Mai Tacoma BK:
Allah ya ƙara girma Kawu, amma wannan ai ka faɗa da bakinka na bogi ya saya. Kamfanoni irin su K&N tun 1969 suke wannan sana'ar, masu tseren mota a sahara ma suna sawa, ba za a ce duk ba su san abin da suke yi ba.

Kawu Bakanike Jega:
Sun sani mana ɗana. Mai tsere in ya gama tsere kwance injinshi yaka yi a sake gini, akwai masu biya mashi. Ɗan Fadama so yaka yi injin nan ya kai shi shekara goma nan gaba. Ba buƙatarsu guda ba.

Injiniya na Poli:
Salam jama'a, na biyo zancen tun sama, bari in sa baki don akwai gaskiya a ɓangaren kowa. Asalin hikimar abin ba ƙarya ba ce. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, wato a lita ɗaya ta iska mai sanyi akwai iskar oksijin fiye da lita ɗaya ta mai zafi, kuma lissafin shi ne duk digiri 10 da zafin iskar ya sauka nauyinta na ƙaruwa da wajen kashi 3 cikin 100. Injin fetur kuma yana son iska kilo 14.7 a kan kowane kilo ɗaya na mai, in ka juya shi zuwa lita za ka ga lita ɗaya ta fetur na tafiya da iska wajen lita 9,000. Ku tsaya ku kalli wannan adadin da kyau, galan ɗaya in ka ƙona iska nawa ta ratsa filta, kuma iskar Argungu ta watan Janairu.

Inda matsalar take, wancan buɗaɗɗen da aka turo maka sunansa kawai ne na sanyi. A cikin bonet yake zaune, kusa da inji, bayan lagireto da ke huro zafi, ga manifol na salansa a gefe. Mu nan watan Afrilu inuwa kanta tana haura digiri 40, to ina ga cikin bonet ɗin motar da ke ɗauke da buhu ashirin tana tafiya da giya biyu cikin rairayi, iska ba ta ratsawa. Akwatin da Toyota ta sa maka kuwa, je ka duba da safe, bakinsa ta cikin fenda yake jan iska, wato daga waje. Ma'ana motarka da ma da bututun iska mai sanyi ta fito daga kamfani. In ka cire ka sa buɗaɗɗe ka koma shan iskar da ta fi zafi, ka biya kuɗi ka sayi akasin abin da kake nema.

Ɗan Fadama Argungu:
Ikon Allah. Injiniya to maganar ragin shan mai fa? Don ni ita ce ta dame ni, ƙara ba ta gabana.

Injiniya na Poli:
Nan ma zan faɗa maka yadda abin yake ɗan'uwa. Injin fetur akwai wani faifai a maƙogwaronsa da ke buɗewa in ka taka totur. Tafiyar yau da kullum faifan nan ko rabi ba ya buɗewa, shi ne ke shaƙe iskar da gangan, ba filta ba. To in ka faɗaɗa bututun da ke gabansa me ka canza? Ƙofar zaure ka faɗaɗa alhali ta ɗaki tana nan a sakaye. Sannan motarka ba kafireta gare ta ba, injekta ce, birenbos, wato kwamfutar motar, ke auna iskar da ta shigo ya zuba mai daidai da ita, iska ta ƙaru mai ya ƙaru. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge ta gwamnatin Amurka ta gwada wannan, suka toshe filtar motoci da gangan, suka ga a motocin injekta shan mai kusan bai motsa ba, abin da ya ragu shi ne saurin ɗaukar wuta, tsohuwar mota mai kafireta ce kawai shan manta ya ƙaru. To in toshe filta bai ƙara shan mai ba, buɗe ta ma ba zai rage ba.

Ƙarfin dokin da suke rubutawa a kwali kuma, a can ƙololuwa ake samunsa. Injinka 2TR ne, doki wajen 160 gare shi kuma sai allurar juyin inji ta kai 5,200 a minti yake ba da su duka, totur a ƙasa. Yaushe rabon da ka kai allurarka 5,000 da lodin shinkafa a baya? Kai aikinka tsakanin 2,000 da 3,000 yake, a nan kuwa ba abin da za ka ji sai ƙara. Kuma mutane da yawa in sun ji gurnanin nan ƙafarsu ƙara nauyi take yi, man ya ƙara tafiya.

Mai Tacoma BK:
Wannan ta ƙarshen gaskiya ce Injiniya, ni kaina na san ina taka ta fiye da da. Amma dai ni ban yarda ba a jin komai ba, tawa V6 ce 4.0 kuma in zan wuce tirela a hanyar Jega ina jin bambanci.

Injiniya na Poli:
Ban musa maka ba ƙanena, lokacin wuce tirela totur a ƙasa yake allura a sama, nan ne kaɗai wurin da abin ke aiki. Kai kuma motarka gari da kwalta take. Shi ya sa na ce kowa da gaskiyarsa.

Mai Na'ura Gesse:
Ni aikina sa wa mota kwamfuta, bari in faɗi abin da ke zuwa shagona. Bayan filta akwai wata 'yar sensa da muke ce ma MAF, siririyar waya ce a ciki da ake ɗumamawa da wuta, iska na wucewa tana sanyaya ta, da haka birenbos ke gane yawan iskar. Abu biyu ke faruwa da masu canza bututu. Na ɗaya, sensar nan an saita ta ne da faɗin bututun kamfani, in ka dasa ta a bututun da ya fi faɗi ko aka huda mata gurbi a karkace sai ta riƙa ba da lissafin ƙarya, mota ta kunna cek injin, in na sa na'ura in ga P0171 wato mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, ko P0101. Manyan kamfanoni suna ƙera bututun daidai da kowace mota, shi ya sa nasu ke kai dala 300 zuwa sama, amma wanda ake ce maka yana shiga kowace mota ka guje shi. Na biyu, jan filtar nan auduga ce da ake shafa wa wani mai na musamman, man ne ke kama ƙurar. In ta yi datti wanke ta ake da sabulunta, a bari ta bushe da kanta, a sake shafa man daidai kima. To a Birnin Kebbi wa ke sayar da man? Sai ka ga yaro ya wanke da fetur ya bulbula baƙin mai ko man giya, man ya bi iska ya manne a wayar sensa ƙura ta hau kai, mota ta fara sanyin jiki tana cin mai. Wani kuma ya wanke bai shafa komai ba, ta zama rariya kawai. Na ga duka biyun da idona.

Mai Tacoma BK:
Oga Mai Na'ura ka tsorata ni, tun da na sayi motar nan bara ban taɓa shafa mata komai ba, hura ta kawai ake yi wurin juye.

Mai Na'ura Gesse:
Kawo ta gobe in duba maka, kar ka sake bari a hura ta da kwamfaresa.

Hajiya Mai Albasa Aliero:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana, ni karatu nake ina ƙaruwa. Tawa ta dizal ce mai turbo, direbana ya daɗe yana damuna da wannan abu wai zai ƙara mata ƙarfi a hanyar Kontagora in sun ɗauko albasa. Ita ma hukuncinta ɗaya ne?

Injiniya na Poli:
Hajiya barka da dare. Taki ma ta fi rashin buƙata. Turbo matsa iska yake yi, iska kuma in an matsa ta zafi take ɗauka sosai, shi ya sa aka sa wani abu kamar ƙaramin lagireto da ake kira intakula ya sanyaya ta kafin ta shiga inji, ki sa a duba miki in taki na da shi don wasu tsofaffin 2.5 ba su zo da shi ba. In yana nan, wanke shi daga waje a cire laka da ƙwari da ƙaiƙayi ya fi wancan bututun amfani. Kuma fankar turbo tana juyawa sama da sau dubu ɗari a minti, ƙura in ta riƙa dukanta cinye mata baki take yi.

Hajiya Mai Albasa Aliero:
Madalla, Allah ya yi albarka. Zan nuna masa da safe.

Direban Yauri:
Duk kun yi maganar ƙura ba wanda ya taɓo ruwa, alhali mutumin nan a fadama yake aiki. Wasu irin bututun nan don su samu iska mai sanyi da gaske ƙasa suke sauke filtar, bayan bamba kusa da taya. Damina ta 2020 da ruwa ya ci gonakin shinkafa a jihar nan kowa ya san yadda hanyoyi suka koma, a gabana wata mota ta shiga wani kwazazzabo da ruwa bai kai gwiwa ba, mu mun wuce lafiya da akwatin kamfani, ita tana tsakiya sai ji muka yi ƙwas ta mutu. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin ya taso ya tarar da ruwa a silinda kwanrod, sandar ƙarfen da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe nan take. Mai motar kuma ya ƙara da murza ki don tada ta sau uku. Ni shawarata in dai kuɗin na ƙaiƙayinka sa sinokel, bututun nan da ke hawa gefen gilashi har saman rufi. Can sama iskar ta fi sanyi da gaske, ƙurar taya ba ta kai can sosai, ruwa kuma sai ya haɗiye motar kafin ya shiga.

Ɗan Fadama Argungu:
Na sha ganinsa a motocin ƙungiyoyin agaji da na jami'an tsaro, na ɗauka ado ne. To ba ya rage ƙarfi, tunda hanyar iskar ta yi tsawo?

Kawu Bakanike Jega:
In mai kyau ne ba za ka ji ya rage komi ba. Sinokel na yarda da shi, don akwatin kamfani da filtar takarda suna nan wurinsu, baki kawai anka ɗaga sama. Amma sharaɗi ukku. Sai an huda fenda da ƙarfen gefen gilashi, to a samu mai hannu, a shafa fenti bakin hudar don tsatsa, kuma kowace mahaɗa a like ta ƙwarai, in ba haka ba ka sa bututu sama iska na shiga ta ƙasa. Na biyu robar, akwai ta banza da rana ka busar da ita ta tsage cikin shekara guda, ranar Kabi kuwa kun san ta, na kamfanin Safari da Ostireliya ka yi su ne munka sani da ƙarko amma da tsada. Na ukku kar ka ɗauka motarka ta zama kwalekwale, ruwa na shiga aksul da giyabos ta hancinsu na numfashi, ga altaneta ga wayoyi.

Kuma abin da ni nika so ka sa ma kanshi, kun san kwanon nan mai haske da ka bisa hancin tarakta Massey Ferguson, wanda manomi ka kwance da yamma ya zubar da ƙasa? Akwai irinshi na sinokel. Iska na shiga tana juyawa kamar guguwa, ƙasa mai nauyi ta faɗa kwano tun ba ta kai ga filta ba. Wanga shi ne kayan ƙasarmu.

Injiniya na Poli:
Kawu ya gama magana. Abin da zan ƙara, kwanon yana kama mai nauyi ne, hazon hunturu kuwa da iska ke kwasowa tun daga yankin Bodele na ƙasar Chadi laushinsa ya fi garin fulawa, wannan sai filta mai kyau. Duk wanda ya nace sai ya sa na kasuwa, to ya ɗauki mai rufaffen akwati da ke jan iska ta fenda, filtar ta zama busasshiya marar mai, an ƙera shi don injinsa takamaimai, kuma ya tambayi sakamakon gwajin ISO 5011, shi ne ma'aunin da ake gwada yawan ƙurar da filta ke tarewa. Kamfani irin S&B na buga nasa. Wanda ya ce maka iska kawai yake wucewa da yawa, tambaye shi me kuma ke wucewa tare da iskar.

Ɗan Zuru:
Jama'a tunda maganar tsadar mai ce, ba gara ya mayar da ita gas ba? CNG ɗin nan da ake ta magana.

Admin:
Ɗan Zuru wannan babbar magana ce, buɗe mata nata zaren daban don kar wannan ya watse.

Ɗan Fadama Argungu:
Barkanmu da safiya. Bayan asuba na buɗe bonet na yi abin da Kawu ya faɗa, kuma wlh jikina ya yi sanyi. Murfin akwatin kilif ɗinsa ɗaya ya karye an ɗaure da waya, ban ma san yaushe ba. Na zaro filtar, irin mai zagayen nan ce kamar gwangwani, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na sa tocilan waya a cikinta, sai ga haske na fitowa ta wasu 'yan huda guda uku a lanƙwasar takardar, robar bakinta kuma ta taurare ta tsage. Na goga farin hankici a cikin hos ɗin da ke tafiya inji ya fito da jan gari, ba mai yawa can ba amma akwai. Kusan shekara biyu ke nan ban canza ta ba, duk juye yara ke hure ta su mayar. Kawu injin ya tafi ke nan?

Kawu Bakanike Jega:
Kwantar da hankalinka ɗana, tunda ba ka ce tana shan baƙin mai ko hayaƙi ba da sauran rai. Hudar nan kwamfaresa ce ta yi ta, yara ka manna bakin tiyo jikin takarda da dukkan ƙarfin iska, kuma daga waje suka hurawa suna tura ƙasar ciki. In za a hura daga ciki zuwa waje aka yi, da iska kaɗan, daga nesa, kuma sau biyu ko ukku ya isa a jefar a sa sabuwa, mai aikin fadama da rani kar ya jira lissafin kilomita na littafi. Yau kar ka kai ta gona. Sayi filta ta asali, ka kula kasuwa cike take da jabu masu kwali iri guda, ɗauki ka ji nauyinta, ƙirga lanƙwasar takardar ka gwada da tsohuwar in ta asali ce, matsa robar bakin ka ji tana da taushi tana dawowa. Canza kilif, a wanke akwatin da hos, a duba ƙasan akwatin inda ƙasa ka taruwa a zubar, a juye baƙin mai da filtarshi ko lokaci bai yi ba. Sensar kuma kar kowa ya taɓa ta da fetur ko burushi, akwai feshinta daban.

Mai Na'ura Gesse:
Ina da feshin a shago. In ka shigo Birnin Kebbi biyo in wanke maka in sa na'ura mu ga lissafin man da birenbos ke ƙarawa, in sensar ta yi datti wataƙila ma nan wani ɓangare na shan man naka yake. Ka duba iskar tayoyinka da fulogi kuma.

Ɗan Fadama Argungu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira ƙanena na ce ya bar maganar jan filtar, ya tambayo min kuɗin sinokel mai kwano na Hilux 2012 kafin damina. Kawu in ya iso kai za ka huda min fendar, zan kawo ta Jega.

Kawu Bakanike Jega:
Kawo ta da sassafe kahin rana ta yi zafi, kuma ka ce mashi ya tabbata takardar awon hudar na cikin kwalin, kuma na injin fetur ne ba na dizal ba.

Mai Tacoma BK:
Oga Mai Na'ura gani nan tafe wajen ƙarfe goma. Na goga hankici a nawa bututun ni ma, ya fito da ƙura.